Mai Agogo a Ɗakin Inna

Shekarun baya can, lokacin da maganar shari'a ta cika bakin kowa a Dutse, na yi wata biyu ina aikin da ba wanda ya ɗauke ni: fassara fim ɗin 'yan leƙen asiri ga mahaifiyata. Kwanan nan wata ƙawata ta tambaye ni fim ɗin da ya fi zauna min a rai, da na faɗa mata sai ta yi ta dariya, wai malamar makaranta guda da fim ɗin barkwanci da harbe-harbe. Ban yi mata bayani ba, don ba labarin tsaye ba ne. Ku da kuke da haƙurin karatu, ga shi.

Mahaifinmu malamin allo ne a zauren gidanmu a Yalwawa, da damina kuma yana noma gonarsa ta wajen Buji. A gonar ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar aiki, kafin a iso da shi gari rai ya yi halinsa. Mu dai a saninmu ko ciwon kai ba ya yi.

Ana zaman makoki matar wani abokinsa mai kemis ta shigo gaisuwa. Baiwar Allah, da nufin ta sanyaya wa Inna zuciya ta ce ai babban ɗan nan nata ya yi ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka, shekara biyu yana kai Malam awo, shi ke sayen magani. Ina kusa da Inna, na ga carbin hannunta ya tsaya.

"Awon me?" in ji Inna.

"Hawan jinin mana. Ai tun tuni likita ya hana shi gishiri."

Inna ta ci gaba da jan carbi, ta amsa gaisuwar kowa har yamma.

Sai kun san abu biyu kafin ku gane nauyin maganar nan. Na farko, Baba mutum ne mai son miya ta ji gishiri da daddawa, a malala man shanu a kai. Inna ta san hannunsa, kullum takan ƙara masa ɗan gishiri a kwanonsa daban da na gida, kuma tana alfahari da hakan. Na biyu, yayana shi ne ɗan fari, Inna kuwa 'yar da ce wajen kunya. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama da shi su yi hira, ba ya shiga ɗakinta. Da safe zai durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wajen, sai ta ce da duk wanda ke kusa, "Ku ce da yayanku ya karya kafin ya fita." Duk Juma'a kuma takan yi dambu da zogale ta zuba a wata langa mai murfi a kai masa sashensa. Iyakar hirarsu ke nan, kuma ta ishe su.

Ni auta ce, bakina ba shi da linzami. Ana share makoki na same shi na wanke shi tas, ina kuka ina faɗa, har na ce da shi abin da ba a faɗa wa yaya. Sai da na gaji ya ce Baba ne ya ɗora masa amana. Kafin sati ya zagayo na huce, don na amayar da abin da ke cikina. Inna ba ta da wannan hanyar. Wanda ba ka kiran sunansa, ta ina za ka fara yi masa faɗa?

Sai kawai ta janye ɗan abin da ke tsakaninsu. In ya gaishe ta ta ce "lafiya," shi ke nan. Saƙon karin kumallo ya tsaya. Langar dambu ta koma saman kabad ta zauna. Baƙo ba zai lura da komai ba, amma mu na gida mun ga yayana yana zubewa, rigunansa suna yi masa yawa. Ga shi tun kafin rasuwar ya biya kujerar hajji, tafiya tana matsowa. Ya tura ƙanin Baba, wanda muke kira Baffa, ya nema masa gafara. Inna ta ce da Baffa ita me aka yi mata, ai babu komai. Duk wanda ya san matan gidanmu ya san in an ce maka babu komai da irin wannan murya, an rufe ƙofa ne an sa sakata.

Wata rana ya tare ni a zaure ya ce, "Auta, da wace fuska zan tsaya gaban Ɗakin Allah, wadda ta haife ni ba ta duban inda nake? In na tafi ban dawo ba fa?"

Da Inna ta fita takaba, bayan ƙaramar salla, ta zama ba ta da aiki sai zama shiru a bakin gado. Ni ce na kawo shawarar a kai mata talabijin da bidiyon yayana ɗakinta, jikoki su riƙa taruwa suna ɗebe mata kewa. A lokacin ana ta rufe gidajen kallo, wani mai hayar kaset ya tsorata ya karyar da kayansa, yayana ya kwaso kwali guda. A ciki na zaɓo wani fim na Turawa mai dogon zango, kashi-kashi, don na ga ban dariya ne. Hikimata ke nan gaba ɗaya: mace tana baƙin ciki, a sa ta dariya.

Labarin wani mutum ne mai shagon gyaran agogo, yana zaune da tsohuwar uwarsa. Ita a saninta sana'arsa ke nan, alhali ɗan leƙen asirin gwamnatinsu ne, ta bayan shagon ake shiga ofishinsu. Ga shi da sakarci, in ya zaro bindiga sai ta faɗi, in ya haura katanga sai wandonsa ya maƙale. Abokin aikinsa wani dogo ne da ba ya dariya, shi ke dukan mutane. Sunayensu sun ƙi zama a bakinmu, muka sa musu Mai Agogo, da Dogo, da Tsohuwa.

Nakan taso daga makarantar da nake koyarwa, in biya gidana in sauke girki, in an kawo wuta bayan la'asar sai in taho. Ni ce mai fassara, tunda ni ce mai Turanci. Turancin nawa kuwa na allo da alli ne, mutanen nan ta hanci suke magana kuma ba sa jiran kowa. Rabi nake ji, rabi in duba fuska in cike da nawa. Ba wanda ya taɓa kama ni.

Kallon bai kai gardamar da ke biyo bayansa daɗi ba. Maƙwabciyarmu, wadda ba ta fashi, ta ce Dogo ne namiji, Mai Agogo kuwa wawa ne, addu'ar uwarsa kawai ke bin sa. Matar yayana ta ce ƙaryar ta yi yawa, ta yaya mutum ɗaya zai tarwatsa ƙarti goma hularsa ba ta faɗi ba. Ita ce kuma mai gadin tarbiyya, da an nuno wata ba kintsi sai ta tashi ta danna a wuce, ta dawo tana tambayata abin da ya faru a wurin da ta tsallake. Har Baffa ya taɓa riskar mu, ya tsaya a tsaye ya ce wannan shagala ce, mutane suna gyara tsakaninsu da Allah mu muna nan. Bai zauna ba kam, amma bai tafi ba sai da ya tabbatar Dogo ya fita daga rijiyar da aka jefa shi.

Yayana ba ya shigowa. Yakan kifa turmi a tsakar gida dab da ƙofar, bayan asabari, ya zauna yana goge takalmin da ba ya buƙatar guga. Ya riga ya kalli fim ɗin tun a sashensa.

Inna kuwa ba ta dariya. Tana kallo, ba ta ɗauke ido, amma harbi da tseren mota ba su dame ta ba. Duk kashin da ya ƙare tambayarta ɗaya ce: ita Tsohuwar ta sani yanzu? In ce a'a. Sai ta gyaɗa kai. Da duk wayon da nake ji da shi, sai da aka yi nisa na gane abin da na ɗauko na ajiye a gabanta.

Ranar da abin ya fashe, an harbi Mai Agogo a kafaɗa, Dogo ya ɗaure masa, ya sa kwat ya rufe ya koma gida. Tsohuwa ta tare shi da murna, ta riƙa bubbuga masa kafaɗar nan, daidai kan ciwon, tana yaba masa. Shi kuma yana zare ido yana murmushin dole. Irin fim ɗin nan ne da ake jin dariyar wasu mutane da ba a gani, suka kwashe, mu ma muka kwashe. Maƙwabciyarmu har da riƙe ciki.

"Tsayar da shi," in ji Inna.

Na tsayar. Ta tambaye ni su waye masu dariyar nan. Na ce wasu ne aka naɗi muryarsu. Ta ce su ba su da iyaye ne?

"Da hannunta take danna masa ciwon," ta ce, a hankali, tana kallon hoton da ya tsaya. "Ita a ranta ƙauna take nuna masa. Shi ya sani. Dogon ya sani. Mu da muke zaune a Yalwawa mun sani. Ita kaɗai aka bari, ana yi mata dariya."

Maƙwabciyarmu ta ce ai tausayinta yake ji, ba ya son hankalinta ya tashi. Inna ta ce wannan ba tausayi ba ne, raini ne. An zauna an yanke cewa ba za ta iya ɗauka ba, ba a tambaye ta ba.

Sai muka ji muryar yayana daga bayan asabari. Da ni yake magana, kamar yadda aka saba.

"Auta, ai a kaset na farko an nuna rantsar da shi aka yi. Wanda ya isa da shi ne ya ɗora masa."

Inna ba ta juya ba. Ta ce da ni, "Tambayi mai maganar. Shi wanda ya rantsar ɗin, me tsohuwar ta yi masa da ya ɓoye mata?"

Ban tambaya ba, don ya ji.

"Ba ta yi masa komai ba," ya ce. "Cewa ya yi in ta sani barci ya ƙare mata, za ta zauna tana gadin numfashinsa. Ya ce kuma shekara arba'in yana cin miyarta, ba zai ƙarasa sauran kwanansa da lami ba." Sannan ya ƙarasa da cewa, "An roƙe shi. Duk zuwa asibiti sai an roƙe shi, a tafe da a dawowa."

Babu miya a fim ɗin nan, babu asibiti. Maƙwabciyarmu ta lalubi takalmanta ta ce ta bar tukunya a wuta. Matar yayana ta tattara yara ta fita. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, na ji wani sauti ya fito mata wanda har yau ban san ko kuka ba ne ko dariya. Da ta buɗe fuskar ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Shi da miya." Sai ta ce in kunna.

Na koma gida ina murna, na ce an gama. Ashe da saura. Washegari ya gaishe ta, ta ce "lafiya." Juma'a ta zo ta wuce, langa tana saman kabad. Aka fara kiran maniyyata, matar yayana ta fara haɗa masa jaka, kaset kuma saura ɗaya.

Duk fatana ya koma kan kaset ɗin nan. Na ce lallai a ƙarshe Mai Agogo zai durƙusa ya faɗa wa uwarsa gaskiya, ta yafe masa, Inna ta gani ta yi koyi. Na tambayi yayana, ya girgiza kai ya ce ba ya faɗa mata. Har na yi tunanin in ƙirƙiro masa neman gafarar a fassara, tunda dama rabin maganarsa tawa ce. Amma Inna ba kunnenta kaɗai take kallo da shi ba.

Muka kalla. Aka kama mugun da suke ta bi tun farko, aka ba Dogo lambar yabo bai yi murmushi ba. Mai Agogo ya dawo gida wando a yage, Tsohuwa ta yi masa faɗan dare da ya yi a shago, ta zuba masa abinci. Yana ci, masu dariya suna dariya, rubutu ya fara hawa.

Matar yayana ta ce an cuce mu, duk zaman nan ba a warware komai ba. Maƙwabciyarmu ta ce ita dai tunda Dogo bai mutu ba ta gode. Na saci kallon Inna. Ta ce in mayar da shi baya kaɗan, wurin cin abincin. Na mayar. Ta matso gaban talabijin ɗin, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Dubi yadda yake yi," ta ce. "In ta juyo ya kai loma yana dariya. In ta juya baya sai ya tsaya yana kallonta, abincin ba ya wuce masa." Ta koma bakin gado ta zauna. "Tun da aka fara, tsohuwar nake kallo. Ban taɓa duban fuskar yaron ba."

Can ta ƙara, kamar da kanta take magana, "Tare suke cin tuwo da Malam a zaure. Kwano ɗaya."

Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba. Shekara biyu yayana yana sa hannu a kwanon nan mai ƙarin gishiri, yana ji a harshensa, yana kallon Baba yana kai loma, ya san abin da likita ya ce, an kuma ɗaure masa baki. A bayan asabari na ji an ajiye burushin takalmi a ƙasa, sannan na ji tafiyarsa ya nufi zaure.

Ranar Juma'a na shigo na tarar da Inna a gindin murhu, madambaci a kan wuta, langa a wanke a gefenta. Ta hana kowa sa mata hannu. Da ta gama ta zuba, ta rufe, ta miƙo min.

"Kai wa Mai Agogo," ta ce. "Ki ce masa na yafe, duniya da lahira, shi ma ya yafe min. In ya je can ya yi wa Malam addu'a. Kuma kafin ya tafi ya je a auna shi, ya zo bakin ƙofar nan ya faɗi abin da aka gani da bakinsa. Ni ba Tsohuwa ba ce."

Na kai masa, na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, wannan karon ban ƙara ko kalma ba. Ya buɗe langar ya fara ci, hawaye na zuba a ciki. Kwaɗayi ya sa na ɗebi loma ɗaya, na kusa furzarwa. Ko ƙwayar gishiri babu a dambun nan, salam kamar dusa. Shi kuwa ya cinye tas, ya suɗe hannu.

Da aka auna shi an sami nasa jinin ya fara hawa. Ya zo ya durƙusa ya faɗa. Ta ce da ni in ce masa ta ji. Ya je hajjinsa ya dawo lafiya, kuma daga nan duk awon da ya je sai ya kawo rahoto bakin ƙofa.

Na daɗe ina tunanin abin nan. A da ina ganin kunyar ɗan fari wahala ce kawai da iyayenmu suka ɗora wa kansu, ni da nake faɗin duk abin da ya zo bakina. Har yanzu ban ce ba ta da wahala ba, na ga abin da ta kusa jawowa. Amma na ga mutum biyu da ba su da hanyar yi wa juna magana sun ari bakin wani Bature mai yagaggen wando sun faɗi abin da ni mai baki ban iya faɗa ba. Tun daga lokacin, in na ji mutum ya dage da zafi a kan wani ɗan fim, yana cewa wane bai kyauta ba, ba na saurin yi masa dariya. Nakan tsaya in ji da wa yake.

Sunan kuwa ya zauna. Matar da ta yi shekaru ba ta da abin da za ta kira ɗanta da shi, ta samu, kuma ba ta sake shi ba. Jikokinta na baya-bayan nan sun taso suna zaton kakansu ya taɓa sayar da agogo.

A ciwonta na ƙarshe ina zaune a gefenta da hantsi, ta buɗe ido ta tambaye ni ko Mai Agogo ya zo. Na ce yana nan bakin ƙofa tun safe, inda ya saba. A lokacin furfura ta gama cin gemunsa. Ta dubi asabarin, sannan ta ce, "Ki ce ya shigo."